Riƙo da Motsi: Abin da Jikin Ɗan Ƙwallo da na Manomi Suke Nema

Yarinyar da ta ɗauko bokitin ruwa a ka daga rijiya zuwa gida, aiki biyu jikinta yake yi a lokaci guda. Ƙafafunta suna tafiya: tsoka ta ɗaure, ta ja gaɓa, ta saki, ta sake ɗaurewa. Wuyanta da bayanta kuwa sun ɗaure sun tsaya cak, ba sa motsi, amma sau da yawa su ne ke riga ƙafa gajiya. Na farko aikin motsi ne, na biyu aikin riƙo. Miƙa ma haka ta rabu. Akwai wadda mutum zai ja tsoka har inda ta tsaya, ya riƙe ta a nan yana ƙirga; akwai kuma wadda zai riƙa kai gaɓa yana komowa da ita, yana ƙara buɗa ta a hankali ba tare da ya tsaya ba. Abu huɗu ke nan, kowanne da amfaninsa da lokacinsa.

A kudancin Kano, daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa, abin da nake gani shi ne mun juya lamarin. Matashin da zai shiga fili, wanda jikinsa ke neman motsi, shi ne ke zama yana riƙe miƙa. Manomin da ya wuni a sunkuye, wanda riƙo ya riga ya gama da bayansa, shi ne ke ganin ya gama motsa jiki na shekara. Dattijon da hawan jini ya kama, wanda ɗan riƙo na minti biyu zai iya amfana, shi kuwa ba wanda ya taɓa gaya masa.

A cikin tsoka bambancin yake farawa. Jini ne ke kai mata abinci da iska, shi ne kuma ke kwashe dattin da aiki ya bari. Idan tana ɗaurewa tana saki, ita da kanta take taya zuciya aiki, domin kowace matsa tana tura jini gaba, kowane saki yana ba sabo hanya. Idan kuwa ta ɗaure ta ƙi saki, sai ta matse hanyoyin jinin da suka ratsa ta. Duk mai noman rani ya san abin da ke biyo baya idan aka taka tiyo inji na aiki: ruwa ya ragu a bakin fangali, inji kuma ya ƙara ƙugi. Haka tsokar ke rasa jini, zuciya kuma ta ƙara matsin lamba don ta tura shi, sai awon jini ya hau na wannan lokacin. Wani masani Bajamushe, Walter Rohmert, ya auna wannan a 1960. Ya nuna cewa idan riƙon bai wuce kamar kashi 15 cikin 100 na iyakar ƙarfin mutum ba, zai iya daɗewa a kai. Idan ya kai rabin ƙarfinsa, kamar minti ɗaya ne tsokar za ta fara rawa ta gaza. Tsayuwa wuri ɗaya ma tana da tata illar: dambubu bai motsa ba balle ya turo jini sama, jini ya taru a ƙafa, shi ya sa ɗalibi ke yanke jiki ya faɗi a layin taron safe ko a fareti, alhali bai yi gudu ko taku ɗaya ba.

Je filin kowace firamare da la'asar sakaliya. Samari sun iso, wasu a kan babur, wasu daga shago. An ajiye takalma, an zauna a ƙasa, an miƙe ƙafa, kowa ya kamo yatsunsa yana cije baki. Wani ya ɗora diddige a kan kafaɗar abokinsa ana danna masa. Bayan minti biyar an busa usur, wasa ya kankama da gudun tsiya. Idan ka tambayi mai horar da su, zai ce don kada jijiya ta tsinke ne. Ba laifinsa ba ne, haka aka koya wa duniya gaba ɗaya. Tun bayan da littafin Bob Anderson na Amurka a kan miƙa ya bazu daga 1980, riƙe miƙa kafin wasa ya zama kamar dole a makarantu da barikokin soja da kulob-kulob.

Da aka zo gwada al'adar a aikace, sai ta kasa cika alkawarinta. A Ostareliya an ɗauki kuratan soja 1,538, aka raba su biyu na tsawon mako 12 na horo. Duka suna ɗumama jiki, amma rukuni ɗaya yana ƙarawa da miƙar riƙo ta daƙiƙa 20 a kan manyan tsokokin ƙafa. Sakamakon da aka buga a 2000 ya nuna babu wani bambancin a zo a gani a yawan raunin da suka ji. A 2014 wasu masana a Denmak suka haɗa gwaje-gwaje 25 da suka ƙunshi mutum sama da 26,000, suka tarar miƙa ita kaɗai ba ta rage rauni ba, amma atisayen ƙarfafa tsoka ya sauko da shi zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin uku. Ga kuma wani abin: doguwar miƙar riƙo tana ɗan kashe wa tsoka kaifi na ɗan lokaci. Nazarin da David Behm na Kanada da abokan aikinsa suka fitar a 2016 ya nuna cewa riƙon da ya kai daƙiƙa 60 ko fiye a kan tsoka ɗaya yana rage ƙwazo da kamar kashi 4.6 cikin 100, wanda bai kai haka ba kuwa kamar kashi 1.1 ne kacal, miƙar motsi kuma tana ɗan ƙara shi da kamar kashi 1.3.

A lura da ƙanƙantar waɗannan alƙaluma, domin akwai masu zuzuta su har su ce miƙar riƙo guba ce kafin wasa. Ban yarda da wannan ba. Yaron da ya riƙe cinyarsa daƙiƙa 15, sannan ya yi gudu ya yi tsalle kafin a take ƙwallo, bai yi asarar komai ba. Ainihin ɓarnar ita ce miƙar zaune ta maye gurbin ɗumama jiki gaba ɗaya. Tsokar da ba ta ɗau zafi ba ba ta da saurin amsawa, kuma zama a ƙasa ba ya ɗumama kowa. Abin ya fi tsanani da hunturu, musamman can wajen Doguwa da Riruwai inda sanyin tudu ke ratsa ƙashi da safe.

Abin da ya kamata a yi ba ya cin ko kwabo. Hukumar FIFA ta fitar da wani tsarin ɗumama jiki a 2006, ana kiransa FIFA 11+, na kamar minti 20. Ana farawa da sassarfa a layi biyu, ana buɗa ƙugu waje da ciki, ana zagaya abokin tafiya, ana gudu gaba a dawo da baya. Sai a shiga ƙarfafa jiki: kwanciya rub da ciki a kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa jiki a miƙe, tsayuwa da ƙafa ɗaya ana jefa wa juna ƙwallo, durƙuso abokinka ya danne maka idon sawu kai kuma ka riƙa sulalewa gaba a hankali kana tare kanka da tsokar bayan cinya, sai tsugunne da tsalle. A ƙarshe a yi gudu mai ƙarfi da yanke kwana. An gwada shi a Norwe a kan 'yan mata masu ƙwallo, rauni ya ragu da kamar kashi ɗaya cikin uku. Mu nan gida ma an gwada: Oluwatoyosi Owoeye da abokan aikinsa sun bi ƙungiyoyi 20 na gasar matasa ta Legas, 'yan shekara 14 zuwa 19, suka buga sakamako a 2014 cewa rauni ya ragu da kashi 41 cikin 100, na ƙafa kuwa da kashi 48. Inda babu alamomin roba da ake jerawa a fili, silifa ma ya isa. Kuma a duba da kyau, tsarin ya haɗa motsi da riƙo ne, sai dai riƙon nasa na ƙarfafa tsoka ne, ba na ja da ita ba.

Wasanninmu na gargajiya sun daɗe da wannan haɗin. Mai langa ya kama ƙafa ɗaya ta baya ya riƙe, ɗayar kuma tana tsalle tana kai hari. Da wuya ka sami atisayen da ya fi wannan koya wa idon sawu da ƙugu daidaita jiki, kuma abin takaici ne yadda yara ke barin ta. 'Yan kokawa biyu idan suka sarƙe, mai kallo zai ga kamar ba abin da ke faruwa, alhali kowace tsoka daga wuya har diddige tana aiki iyakar ƙarfinta. Wanda riƙonsa ya fara sanyi shi ke shan ƙasa. Ɗan dambe kuwa kafin ya fuskanci abokin karawa, ya zaga fili, ya yi tsalle, ya wurwura hannu ana masa kiɗa. Ba don ɗumama jiki yake yi ba, amma jikin ya ɗumama.

To, ina gurbin miƙar riƙo? Gurbinta buɗa gaɓar da ta ƙage ne, kuma a nan tana aiki sosai. Lokacinta bayan an gama wasa ko aiki ne, ko da yamma bayan wanka da ruwan ɗumi, lokacin da jiki yake da zafi. Ƙungiyar masana lafiyar wasanni ta Amurka tana ba da shawarar a riƙe daƙiƙa 10 zuwa 30, tsofaffi kuma 30 zuwa 60, a maimaita har kowace tsoka ta sami kamar minti ɗaya, aƙalla kwana biyu ko uku a mako. A ja har a ji ta ɗame, ba har a ji zafi ba, kuma ba a fizga. Dattijon da sujada da zaman tahiya suka fara yi wa wuya saboda gwiwa da idon sawu sun ƙage, wannan ne abin da ya kamata ya lazimta tun kafin ya koma salla a kan kujera. Sai dai kada a ɗora mata abin da ba za ta iya ba. Tsamin jikin da ke zuwa kwana ɗaya ko biyu bayan aiki mai nauyi, kamar wanda kowa ke ji a makon farko na huɗa, miƙa ba ta hana shi. Nazarin ƙungiyar masu bincike ta Cochrane na 2011 ya tabbatar da cewa ko kafin aiki aka yi ta ko bayansa, abin da take ragewa bai taka kara ya karya ba. Sabon targaɗe kuwa, wanda ya kumbura yana zafi, ba a ja shi ba a murza shi.

Atisayen riƙo na ƙarfafa tsoka shi ma yana da tarihinsa. Wasu Jamusawa biyu, Hettinger da Müller, su suka ja hankalin duniya gare shi a 1953, da suka nuna cewa ɗaure tsoka na 'yan daƙiƙoƙi kullum yana ƙara mata ƙarfi. Iyakarsa ita ce ƙarfin ya fi tsayawa a kusurwar da aka riƙe gaɓar, don haka ba zai maye gurbin gudu ko ɗaga nauyi ba. Amma inda gaɓa ba ta da halin motsi, babu kamarsa. Wanda ya karye aka yi masa ɗori ko aka sa masa filasta, cinyarsa kan zube cikin 'yan makonni. Shi ya sa ma'aikatan gashin ƙashi, irin na Asibitin Ƙashi na Dala, ke koya wa majiyyaci ya riƙa ɗaure tsokar cinya yana saki yana kwance, ƙafar ba ta gusa ba.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne batun hawan jini. A 2023 masana a Jami'ar Canterbury Christ Church ta Ingila suka tattara gwaje-gwaje 270 masu mutum 15,827, suka kwatanta nau'o'in motsa jiki. Tafiya da gudu da keke sun sauko da awon jini na sama da kamar 4.5, na ƙasa da 2.5. Atisayen riƙo ya sauko da na sama da kamar 8, na ƙasa da 4. Yadda aka fi yin sa shi ne mutum ya jingina baya da bango, ya ɗan sauko kamar zai zauna a kujerar da babu ita, ya tsaya minti biyu, ya huta, ya maimaita sau huɗu, kwana uku a mako. Ba sai gwiwa ta lanƙwashe sosai ba. Mai farawa ya ɗan sauko kaɗan ya isa. Amma ga sharaɗi, kuma ba na wasa ba ne. Yayin riƙon jini hawa yake yi, daga baya ne amfanin ke zuwa, don haka dole a riƙa numfashi, kada a kuskura a riƙe shi ana yunƙuri. Wanda jininsa ya hau sosai bai daidaita ba, ko mai ciwon zuciya, ya fara zuwa asibiti a auna shi a ba shi izini. Kuma wannan ƙari ne a kan magani da tafiya, ba madadinsu ba. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 tana nan daram: minti 150 zuwa 300 na motsi matsakaici a mako, da ƙarfafa tsoka kwana biyu.

A nan mai karatu zai iya tambaya: idan riƙo magani ne, me ya sa yake karya manomi? Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, domin ita ta shafi mafi yawan mutanen yankin nan. Ɗan ƙwallo awa ɗaya da rabi yake yi a fili. Mai dashen shinkafa daga hantsi har azahar yake. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 noman rani ya bunƙasa, mutane da yawa ba su da hutun da kakanninsu ke samu bayan kaka; daga damina sai rani, baya bai miƙe ba.

Tsaya kusa da mai dashe ka duba. Ƙafafunsa sun nutse cikin laka, gwiwa a miƙe ko kusa da haka, ƙugu ya karye biyu, hannun hagu riƙe da damin iri, na dama yana soka shi ƙasa. Hannu ne kaɗai ke motsi. Idan mutum ya sunkuya rabi, tsokokin bayansa ne ke riƙe da nauyin ƙirji da kai, riƙon da ba hutu. Idan kuma ya sunkuya har ƙarshe, wani abu daban ke faruwa wanda masana suka daɗe da ganowa: tsokokin sai su saki aikin, nauyin ya rataya a kan jijiyoyin da suka ɗaure ƙashin baya da faifan da ke tsakanin ƙasusuwan. Waɗannan kuwa idan aka daɗe ana jan su, a hankali suke saki, kuma ba sa komawa daidai nan take. Shi ya sa idan ya zo miƙewa sai ya dafa kwankwaso, ya taso a hankali, ya ɗan tsaya a karkace kafin ya daidaita. A wannan ɗan lokacin bayan ba shi da cikakkiyar kariya, kuma a daidai lokacin ne sau da yawa ake cewa ya ciccibi buhu ya ɗora a babur. Riƙon da ke magani minti biyu ne sai hutu. Na gona awanni ne, ba a auna shi ba, kuma gobe ma haka.

Ka ce wa irin wannan bawan Allah ya riƙa motsa jiki, zai dube ka ya ce, "Ɗan nan, ni da nake wuni a gona, wane motsa jiki kuma za ka koya mini?" Yana da gaskiya rabi. Zuciyarsa da damatsansa sun fi na mai zaman ofis nesa ba kusa ba. Amma masu bincike, musamman Andreas Holtermann na Denmak, sun nuna cewa wahalar aiki ba ta ba jiki irin lafiyar da motsa jiki na ganin dama ke bayarwa, saboda ta yi tsawo, ta cika riƙo da maimaita abu ɗaya, kuma babu isasshen hutu a tsakani. Amsar da zan ba shi ita ce, "Baba, ba ƙarin wahala nake nufi ba, akasin abin da ka wuni kana yi nake so ka yi." Mutumin da ya wuni a sunkuye ba ya buƙatar a koya masa taɓa yatsun ƙafa. Abin da bayansa ke nema shi ne a ƙarshen kowace kunya ko fangali ya miƙe tsaye, ya dafa kwankwaso da hannu biyu, ya ɗan gantsare baya sau biyar ko shida a hankali, ya juya kafaɗu, ya yi 'yan taku. Kafin ya ɗaga buhu ya ba jikinsa minti biyu ko uku a tsaye, ya kuma ɗaga da gwiwa, buhun manne da jiki.

Mata ma suna cikin wannan, ko da yake ba a cika lissafa su ba. Daka da surfe aikin motsi ne. Amma wanki a sunkuye, tsugunno a gaban murhu, goyo, da tsayuwa a kan tukunyar turara shinkafa irin ta matan Tudun Wada, duk riƙo ne. Ɗora baho a kan turmi ko benci ya zo daidai ƙugu yana sauƙaƙa wa baya fiye da man zafin da ake shafawa da dare. Haka tela a kan keke, da ɗan acaɓa, da direban da ya kamo hanya daga Kwanar Ɗangora ya ratsa dajin Falgore bai sauka ba: wuya da kafaɗa da ƙugu sun daskare wuri ɗaya, maganinsu saukowa a taka ƙasa.

Akwai kuma batun kayan aikin kansa. A jihar Kalifoniya ta Amurka an haramta sa leburorin gona aiki da fartanya mai gajeriyar ƙota a 1975, saboda illar da take yi wa baya. A ƙasar rairayi ta Nijar manoma da yawa suna noma a tsaye da hauya mai doguwar ƙota da ake turawa gaba. Ba na cewa a kwaso wannan a kawo Doguwa, domin ƙasar masara mai nauyi da kunya-kunya ba irin ta gero ba ce. Amma ya dace maƙeranmu da malaman gona su zauna su duba inda za a iya ƙara wa ƙota tsawo ba tare da aiki ya lalace ba.

Wanda ya fi shiga tsaka mai wuya shi ne ɗan ƙwadagon da aka yi jinga da shi. Kuɗinsa a kan yawan aiki yake, kowace miƙewa a ganinsa asara ce, wani lokaci kuma mai gona yana tsaye a kansa. Minti ɗaya a kowane rabin awa bai kai minti 20 ba a wuni guda, kuma mai gona ne ke da ikon cewa a miƙe, ba yaron da ke tsoron kada a ce masa rago ba. Idan kuwa ciwon bayan ya fara sauka cikin ƙafa, ko ƙafar ta riƙa sagewa tana rasa ƙarfi, ko fitsari ya fara kufcewa, to an wuce batun miƙa da tausa. Asibiti za a nufa ba tare da jinkiri ba.